Fiyus ba shi ne ciwon ba

Ampilin da mahaifina ya bari ƙirar Japan ne, kuma ya girmi ɗana na fari. Da shi marigayi yake sauraren kaset ɗin Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos, da shi kuma nake ɗaga muryar yara duk ranar bikin rufe lakwal a nan Madarumfa. Bara, cikin zafin watan Mayu, ya fara gurnani kamar ƙudan zuma. Ana saura sati 2 biki, ya ɗauke ɗif.

Na kwance shi, na tarar fiyus ya ƙone. Maimakon in tambayi dalili, sai na naɗa zaren waya a gurbinsa na jona. Hayaƙi ya tashi, ƙauri ya cika ɗaki.

Washegari na ɗora shi a babur sai Maradi, wurin wani dattijo mai gyaran rediyo. Bai taɓa komai ba sai da ya sauke wutar da ta rage a cikin manyan kwandansa 2, don suna riƙe wuta ko bayan an cire filogi. Sannan ya nuna mini kawunansu sun kumbura. Ya ce wutar gida mai volt 220 taransifoma ke rage ta, diyod su maida ta mai tafiya hanya ɗaya, kwandansa kuma su daidaita ta. In zafi ya busar da ruwan cikinsu, gurnani ke biyowa. Ɗaya ya haɗe daga ciki, shi ya sa fiyus ya tsinke. Wayar da na naɗa ita ta ƙone diyod ɗin, saura ƙiris taransifoma ta bi su.

"Mushe," in ji shi, "fiyus ɗan aike ne. Ka toshe masa baki, ka bar ciwon."

Gyaran da jikka 3 za ta isa, sai da na biya 7.

A hanyar komawa na tuna wani yaro a ajina da ya daina ɗaga hannu, ni kuwa kullum tsawa nake yi masa. Da yamma na je gidansu. Ashe kunnensa ke zubar da ruwa, ba ya jin abin da ake faɗa daga benci na baya. Iyayensa suka kai shi likita, ni kuma na dawo da shi gaba.

Ranar biki ampili ya yi magana tas. Yaron nan ne ya karanta jawabin maraba.