Awon da ke Harshen Inna

A Tudun Wadan Ɗankadai, kamar sauran ƙasar Kano, giya ba abin shan gida ba ce. Addini ya haramta ta, dokar jiha ma ta hana cinikinta bayan ƙaddamar da shari'a a shekarar 2000. Sai dai gwanintar da Turawa ke alfahari da ita wajen haɗa barasar jin a gida, wato daidaita zaƙi da tsami da ɗaci, ta daɗe a madafan garin. A Indiya, jami'an mulkin mallakar Ingila sun riƙa zuba sukari da lemon tsami da jin a ruwan kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, don kashe ɗacinsa. A nan kuwa, tsamiya da citta da kanumfari ake daidaitawa a lamurje.

Inda suka bambanta shi ne awo. Mai haɗa Negroni ya san kayan haɗi uku ne daidai wa daida, kuma a rubuce suke. Awon lamurje ba ya cikin littafi.

Wata ma'aikaciyar jinya 'yar garin, mai aiki a Kano, ta gane haka a azumin da mahaifiyarta ta kwanta rashin lafiya. Lamurjen da gidan ya shekara talatin yana buɗa-baki da shi ya dawo hannunta. Ta jiƙa tsamiya, ta daka citta da kanumfari da masoro, ta tace, ta zuba sukari. Mahaifinta ya kurɓa sau ɗaya, ya ajiye kofin, bai ce uffan ba.

Washegari ta zauna a bakin gado da biro da takarda.

"Inna, cokali nawa na citta?"

"Wace cittar, 'yar nan? Sabuwar Kaciya, ko wadda ta shekara a buhu?"

Tambayar tana da tushe. Busasshiyar citta tana rasa ƙamshi in ta daɗe a ajiye, kuma tsamiyar wata bishiya ta fi ta wata tsami. Barasar kwalba ba ta sauya ƙarfi, shi ya sa lamba ke wadatar da mai haɗa ta. Kayan gona kuwa sai an ɗanɗana. Abin da tsohuwar ta iya bayarwa shi ne jeri: tsamiya da farko, kayan yaji daga baya, kanumfari kaɗan domin yana danne sauran, sukari a ƙarshe, bayan ruwan ya huce, saboda sanyi yana rage jin zaƙi a harshe.

Wannan jeri 'yar ta rubuta. Har azumi ya ƙare, kullum da la'asar takan kai cokali ɗaya ɗakin mahaifiyarta, wadda ciwo ya ɗauke wa azumi. A rana ta goma sha ɗaya tsohuwar ta ɗanɗana, ta yi shiru, sannan ta ce, "Kai wa babanki."