Sabon Maci da zabin dawa

Wanda ya fito Maraɗi ya kama hanyar Dakwaro zai bi ta Sabon Maci kafin ya kai Kornaka. Ƙasa ce ta jigawa. Gonakin hatsi da wake sun cika ko'ina, dama da hagu. Akwai gawo, da kalgo, da sabara, da aduwa. A kwarin Gulbin Kaba kuma goriba ce ta fi yawa.

In matafiyi ya ci gaba arewa, itatuwa suna ta raguwa, suna gajarta. A ƙasashen Turai masu manyan duwatsu akwai wurin da itace ke tsayawa, ba ya hawa sama, don sanyi. A nan kuwa ƙarancin ruwan sama ne ke tsai da shi. Shi ya sa a 1961 gwamnati ta yi doka, ta ja iyakar noma. A ƙasar Dakwaro iyakar tana wajen kwarin Tarka. Abin da ke arewa da nan na makiyaya ne.

Tsakanin gona da dawa, nan ne gidan zabon daji da fakara. Tuji ya fi son fili mai faɗi, can arewa. Zabi suna kwana bisa itace, su sauko da asuba su yi kiwo garke garke. Da rani suna bin gonakin da aka girbe, suna tsintar tsaba.

Mahalban ƙasar Hausa sun daɗe da sanin halinsu. Wani da kare da kere yake fita, wani da baka, wani da adaka. Yara suna kafa tarko. Akwai kuma mai dabara, wanda ke ɗaura kan burtu a goshinsa, ya rufa da baƙin zane, ya yi rarrafe yana kaɗa kai har ya kai kusa. Amma a da ba a fita yadda aka ga dama. Sai an gama kaka, an yi buɗin daji, sarkin dawa ya ba da izini. Da damina ana barin tsuntsu ya huta.

Wannan hutun yana da dalili. Zabuwa da damina take ƙwai. A ƙasa take yin sheƙa, cikin ciyawa ko gindin sabara. Tana kwanci kwana 26 zuwa 28.  Mai noma ya kan iske sheƙa a gefen gona, yaro mai kiwo ma haka. Sai a kwashe ƙwan duka, a dafa, ko a kai gida a sa wa kaza. Mahalbi zabo ɗaya yake kashewa da harbi ɗaya. Mai kwasar ƙwai kuwa garke guda ya ɗauke a cikin hularsa, kuma ba wanda ke kiransa mahalbi.

Asarar ba ta tsaya ga nama ba. Zabo da fakara suna cin fara, da gara, da tsutsa, da kaska. 'Ya'yansu ƙanana da ƙwari suke girma, daidai lokacin da fara ke faɗa wa shuka. Gonar da zabi ke shiga tana da 'yan aikin da ba a biya.

Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da yawa. Mutane sun ƙaru, saura ta ƙare, gona ta haɗe da gona. Tsuntsu ya rasa maɓoya. Jimina ta ɓace daga wannan yanki. A yau dokar 29 ga Afrilu 1998 ce ke tsara farauta a Nijar. Mai son farauta sai ya nemi takarda wajen ma'aikatan gandun daji, kuma sai a lokacin da aka buɗe. A gandun Gadabeji, arewa da Dakwaro, an hana ta sam. An keɓe wurin tun 1955, faɗinsa eka 76.000 irin ta gwamnati, wato hekta. A 2018 aka kawo raƙuman dawa daga Kure aka sake su a can.

Amma gandu ɗaya ba ya isar zabin ƙasa duka. Abin da ya fi taimakonsu a gonaki yake. Tun wajen 1984 manoman jihar Maraɗi suka fara sabon sassabe. Ba a tumɓuke kututture. Ana barin reshe biyu ko uku masu ƙarfi su tashi, a sare sauran. Ta haka kalgo da sabara da gawo suka komo gonaki masu yawa. Manomi ya samu itacen wuta, dabba ta samu ganye, iska ta rage binne shuka. Zabo ma ya samu inda zai kwana.

Shuka tana kai gwiwa, zabuwa ta fara neman gindin sabara. A hanyar Sabon Maci zuwa Kornaka, lokacin ne ake noma na biyu, kuma lokacin ne mai hauya ya fi cin karo da sheƙa.