Jika 300 da na ɗauka alheri ne

Shekara 9 direbana ya yi yana tuƙa mini mota. Tsohuwar babbar mota ce, da ita muke kwasar wake da gujiya da aya daga kasuwannin Mayahi da Kanambakashe da Sarkin Hausa, mu sauke a Tasawa, wani lokaci mu zarce Maradi. Ban taɓa ƙirga buhu a bayansa ba. Albashinsa jika 60 a wata, ban da kuɗin abincin hanya, kuma kayan sallar 'ya'yansa da na 'ya'yana tela ɗaya ke ɗinka su. Duk wanda ya tambaye ni, cewa nake yi ba yarona ba ne, ƙanena ne. Wannan maganar ce ta ɓatar da ni, shi ya sa na fara da ita.

Sau biyu ya yi mini zancen Kes, wato asusun ma'aikata na ƙasa, CNSS. Na farko a tasha ne, wani direban kamfani ya nuna masa katinsa. Da ya dawo ya ce, "Alhaji, da ni ma za a yi mini lambar nan." Na ce masa Kes ta mutanen ofis ce. Na biyu bayan an haifa masa ɗa na uku. A ranar na ce, "Kai da kake da ni, me za ka yi da takarda? In wani abu ya same ka, iyalinka iyalina ne." Ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya bar zumunci. Bai ƙara tayar da maganar ba.

Abin da ban gaya masa ba shi ne na riga na tambaya. An ce mini maigida kan zuba kashi 16.4 cikin ɗari na albashi, a cire 5.25 daga na ma'aikaci. Na buga, na ga nawa rabon ya kusa jika 10 kowane wata. Na ce a raina wannan a shekara ai kuɗin taya ne. Ba zan laɓe bayan jahilci ba. Na san wurin, na san kuɗin, na ƙi.

Da kakar 2018 suka yi lodin wake a Mayahi suka kamo hanyar Tasawa. Tayar baya ta fashe. Ya sa jak a kan rairayi, ya tokare da katako, ya shiga ƙarƙashi. Jak ya nutse, mota da kayanta ta sauko masa a ƙirji. Karen motarsa ne ya kira ni, yana kuka har ba na fahimtar abin da yake faɗa. Kafin a iso da shi gidan likita a Tasawa rai ya yi halinsa. Ya bar mata ɗaya, 'ya'ya 3, da tsohuwar da shi ke ci da ita.

A wurin zaman makoki wani ɗan'uwansu, malamin lakwal, ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Alhaji, an dai sanar da Kes da sufeton aiki ko? Mutuwar bakin aiki ce." Na ja shi gefe. Na ce ba yanzu ba, mutane na cikin juyayi, bai kyautu a jawo hukuma cikin abin da Allah ya ƙaddara ba, ni zan ɗauki nauyin kome. Na faɗa da murya mai sanyi, har ya ba ni haƙuri. Amma cikina tsoro ne fal: in maganar ta je ofis za a tono shekara 9 da ban zuba ko dala ba, a haɗa mini da tara. Na rufe tsoron da rigar tawakkali, kuma rigar ta zauna mini daidai har ni kaina na manta abin da ke ƙarƙashinta.

Ranar sadakar bakwai na zo da buhu 5 na hatsi da jika 300. Na damƙa kuɗin a hannun wan marigayi, a gaban jama'a. Liman ya yi mini addu'a mai tsawo. Tsohuwar ta aiko a kira ni, ta ce daga bayan zana, "Alhaji, ɗana bai yi zaɓen tumun dare ba da ya zauna da kai." Wan ya ce ba su da magana da kowa, sun yafe duniya da lahira. Matar kuwa tana ɗaki cikin takaba, ban ji ta bakinta ba, ban kuma nemi in ji ba. A daren nan na yi barci mai daɗi.

Da ta fita takaba na aika buhu ɗaya. Sallar farko na aika kayan yara. Ta biyu injin mota ya buga, na ce sai na farfaɗo. Daga nan sai gaisuwa ta bakin masu zuwa kasuwa.

Ƙarshen 2021 wata ƙungiya ta nemi motocin da za su yi mata jigilar abinci, cikin sharuɗɗanta har da takardar shaida daga Kes. Abin da ƙanena ya roƙa sau biyu bai samu ba, neman kwangila ya kai ni gare shi cikin kwana biyu. Na tafi ofishinsu na Maradi. Ma'aikacin da ya karɓe ni dattijo ne mai haƙuri. Ya bayyana mini cewa asusun yana nan tun 1965, kuma kuɗin da ake zubawa kashi uku ne: na tallafin iyali, na fansho, sai na haɗarin aiki, wanda shi ne mafi ƙanƙanta, 1.75 cikin ɗari, maigida kaɗai ke biyansa. Ya ce in ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki, Kes ke ɗaukar maganinsa, ta riƙa ba shi wani kaso na albashinsa har ya warke. In ya nakasa a yanka masa kuɗin da zai riƙa karɓa. In ya mutu a yanka wa iyalinsa. Sai dai wajibi ne maigida ya kai rahoto cikin awa 48.

Na ce, kamar mai tambaya don wani, "Malam, in direba ne mai jika 60, ya bar mata da 'ya'ya 3 da uwa?"

Ya juya bayan wata takarda ya fara rubutu. Mata, kashi 30 cikin ɗari: 18,000. 'Ya'ya biyun farko 15 kowanne, na uku 10, muddin suna ƙanana ko suna karatu: 24,000. Uwar da ke ƙarƙashin kulawarsa, 10: 6,000. Ya ja layi, ya rubuta 48,000, ya turo mini takardar. Ya ce, "A wata ke nan, Alhaji."

Na daɗe ina kallon lambar. Ni ɗan kasuwa ne, lissafi ba ya mini wuya, kuma ban so wannan ya fito ba amma ya fito da kansa: jika 300 ɗina, wanda liman ya yi wa addu'a, wanda aka yi ta zancensa a garin, wata 6 ne da 'yan kwanaki. Daga rasuwarsa zuwa ranar da nake zaune a kujerar nan an haura wata 36. Na sake bugawa ta wancan gefen, na ga rabon haɗarin aiki a albashinsa sefa 1,050 ne a wata. Kuɗin da nake ba mai shayi a tasha ya fi haka.

Ba girman kuɗin ne ya fi dukana ba. Abin da na gane a wurin shi ne shekara 3 ina ɗauke da sunan mai kyauta, alhali mai riƙe da haƙƙi ne ni. Na tare wa marayu hanyar abin da yake nasu, na gutsuro musu kaɗan daga aljihuna, suka durƙusa suka gode mini. Kuma abin da na bayar ma ban ba mai shi ba. Na ba wanda idon jama'a ke kansa, domin a gani.

Na tambayi dattijon, in maigida bai kai rahoto ba fa? Ya ce doka ta bar wa ma'aikaci ko magadansa shekara biyu su kawo maganar da kansu. Sai ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Yaushe abin ya faru?" Bai ce wa wane ba. Na faɗa masa. Ya ajiye alƙalaminsa, bai ce kome ba. A nan fuskar malamin lakwal ta faɗo mini a rai. Ashe ranar da na ja shi gefe ƙofa a buɗe take, ko da za ta ci ni tara. Ni na rufe ta, da daɗin baki.

Washegari na tafi garinsu. Tsohuwar ta rasu da damina, ban ji ba. Matar ta koma gidan iyayenta da yara biyu, tana surfe da sayar da ƙuli-ƙuli. Na tambayi babban, wanda na bari a lakwal. Ta ce ya bar karatu, ya bi samari haƙar zinariya a Ɗan Isa. Yana can ranar 7 ga Nuwamba da ramuka suka rufta a Garin Liman suka kashe aƙalla mutum 18. Allah ya kiyaye shi, amma kwana biyu ta yi ba ta san ko yana cikin waɗanda aka tono ba. Yaro ɗan shekara 15.

Na ce mata, "Kuɗin da na bayar fa?" Ta ce an yi sadakar arba'in, an biya bashin marigayi, an raba saura, jika 20 ya iso hannunta. Ba ta faɗa da ƙorafi ba. Sai na fito da takardar dattijon na karanta mata, layi bayan layi, na gaya mata mijinta ya nemi wannan sau biyu na hana, kuma an tuna mini a wurin makoki na kashe maganar. Na so ta yi faɗa. Ta yi shiru tana murza bakin mayafinta, can ta ce, "Ya taɓa gaya mini, Alhaji. Ya ce kai ka ce ba sai an yi ba, kana nan."

Yanzu sabon direbana da karen motarsa duk suna da lamba. Na sa sun je kotu an yi musu takardun aure da na haihuwar 'ya'yansu, domin Kes da takarda take aiki, kuma a ƙauyukanmu mutum kan yi jikoki bai mallaki ko ɗaya ba. Yaron ya dawo daga Ɗan Isa, ya ƙi komawa aji, na kai shi gareji a Tasawa yana koyon gyaran mota. Uwarsa na yi mata alkawarin jika 20 duk wata, abin da ƙarfina ya kai ke nan, bai ko kai rabin 48 ba. Ina aikawa ta hannunta, ba ta hannun kowa ba. Bara sau biyu na tsallake. Watan jiya ma ban aika ba, mota tana gareji.