Littafin adashin Umma ne ya koya min Java

A zangona na farko a jami'a nan Ingila, maki 34 na ci a jarrabawar Java, alhali sai da 40 ake hayewa. Ban faɗa wa kowa a gida ba. Abba tasi yake ja har tsakar dare, da wane ido zan kalle shi?

Hadda ce ta kashe ni. Yadda muke haddace karatu a Islamiyya ranar Asabar, haka na haddace duk layin da malam ya rubuta. Amma a ce min mene ne class, mene ne object, sai in yi zuru.

Da na je hutu gida, na iske Umma tana jan layi a sabon shafi. Ita ce uwar adashin matan unguwarmu. Kowace mace da shafinta, kuma duk shafukan iri ɗaya: suna, abin da ta zuba, ranar kwasarta. Na ce, "Umma, ba kya gajiya da jan layin nan?" Ta ce, "Ke 'yar nan, tsari ɗaya ne, mutane ne daban. In na canza shi ai lissafi ya dagule."

Wallahi nan take kaina ya waye. Wannan tsarin shi ne class: ba kuɗi a cikinsa, ba sunan kowa, gurabe ne kawai. Shafin da aka cike da sunan mutum ɗaya kuwa shi ne object. Duk sanda Umma ta buɗe wa sabuwar mamba shafi, abin da kalmar new take yi ke nan. Zubi da kwasa, ayyukan da ake yi a kan shafin, su ake kira method.

Sannan ba mai sa biro a littafin nan sai Umma. Kuɗinki ne, amma ba ki isa ki gyara lambar da hannunki ba. Sai ki kawo zubi ta rubuta, in kuma kwasarki ba ta zo ba, ta ce a'a. Amfanin private ke nan: a kulle lambar, kowa ya bi ta ƙofar da ke duba ƙa'ida.

Daga baya na gano cewa asalin abin ma haka yake. Simula, yaren da ya fara kawo class, wasu 'yan Norway biyu, Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard, suka tsara shi a shekarun 1960 don kwaikwayon al'amuran zahiri a kwamfuta. Java ta biyo baya a 1995. Ashe daga abin da ido ke gani ake farawa, ni kuwa na fara daga allo.

Na rubuta class mai suna Mamba, na yi ta gwada shi da lissafin ƙarya. A watan Agusta na sake jarrabawar na haye, ko da yake 40 ɗin kawai ake rubuta wa mai maimaici. Ranar na faɗa wa Abba komai. Ya yi shiru, can ya ce, "Gobe ki riƙa faɗa da wuri."

Umma dai ta ce kwamfutata ta yi kyau, amma littafinta ba ya neman caji.