Kadawa: Abin da Ganyen Alkama Ke Faɗa

Kadawa tana ƙaramar hukumar Garun Malam, kan hanyar Kano zuwa Zariya. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, shi ke biyo magudanai ya shayar da gonakinta. Alkama ba ta jure zafi, don haka ana shuka ta wajen Nuwamba, ta girma cikin sanyin hunturu, a girbe a Maris.

Mun isa a Janairu, hazo ya rufe sama. Da muka bi gefen magudana, sai muka lura gonakin ba launinsu ɗaya ba: wannan kore shar, ta kusa da ita ta yi ɗorawa-ɗorawa, ga gajarta. Abin da ya raba su shi ne sinadarin naitirojin.

Ganye shi ne madafar shuka. Da hasken rana yake haɗa ruwa da iskar kabon dayoksaid su zama sukari. Koren sinadarin da ke kama hasken, wato kulorofil, da naitirojin ake gina shi. Idan ya yi ƙaranci, alkama takan janye na tsofaffin ganye ta kai wa sababbi, shi ya sa na ƙasa ke fara rawaya. Girki ya ragu, zangarniya ta ƙanƙance.

Daga ina manoman ke samo shi? Yuriya tana ɗauke da kashi 46 cikin 100, kuma aikinta da sauri. Amma idan aka watsa ta aka bar ta a fili, wani kaso yakan zama iskar amoniya ya tashi. A cikin ƙasa ƙwayoyin halitta kan mayar da ita naitiret, wanda saiwa ke sha cikin sauƙi, amma ban ruwa fiye da kima yakan wanke shi. Takin dabbobi kuwa sai ya ruɓe yake saki, kaɗan-kaɗan, yana kuma taimaka wa ƙasa riƙe danshi.

Saboda haka manomi mai lura yakan zuba takin dabbobi tun wajen gyaran gona, ya raba na zamani kashi biyu: lokacin shuka da bayan 'yan makonni. In ya cika hannu, kara ya yi tsawo ya kwanta, kuɗin taki ya bi ruwa.

Gurasa, alkaki da funkaso duk daga irin wannan lissafi suke farawa. In kun ratsa gonar alkama, ku fara duba ganyen ƙasa.