Ushafa Daga Kan Dutse

Tunda aka yi dogon hutu autana ya ishe mu da zancen jirgi. Kwali, murfin kwalba, guntun waya, duk ya tara a bayan ɗaki yana haɗa abin da yake kira jirginsa. Laifin kawunsa ne, tsohon bakanike a Kaduna, wanda ya ba shi labarin Air Beetle, ƙaramin jirgin nan mai kujera biyu da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna don koya wa sojojin sama tuƙi. Asalin ƙirarsa ta wani jirgin Amurka ce mai suna RV-6A, irin wanda mutum kan sayi sassansa cikin akwatuna ya haɗa a garejin gidansa, ranar hutu ya tashi ya zaga bisa gonaki. Da yaron ya ji haka sai ya yanke hukunci: ashe a gida ake yin jirgi, mu ne dai ba mu tashi tsaye ba.

Na ce masa can ɗin ma sai hukuma ta duba jirgi kafin ya tashi, kuma sararin samaniyar Abuja ba filin wasa ba ne. Na tuna masa da ɗalibin nan na Jami'ar Bayero da ya haɗa helikwafta da injin mota a 2007, wanda tashinsa bai fi tsayin mutum da ɗan ƙari ba. Ko a jikinsa. "Baba, ni dai so nake in ga gari daga sama."

Ni kuwa ina da tawa damuwar. Wata uku ke nan da likita ta ce jinina ya hau, ta rubuta magani, ta ce in riƙa motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Maganin ina sha, tafiyar ce kullum sai gobe. Maman yara ce ta haɗa matsalolin biyu wuri guda: "Malam, ka kai shi Ushafa mana. Shi ya ga samansa, kai ka yi tafiyarka." Sai da na tambayi likitar tukuna. Ta ce in je, amma a hankali, in kuma na ji ciwon ƙirji ko jiri ko numfashi ya gagara, in tsaya nan take, babu jarumtaka.

Ranar Asabar bayan sallar asuba muka bar Kubwa, muka bi ta Dutse muka kama hanyar Bwari. Ushafa garin Gbagyi ne a gindin duwatsu, kusa da madatsar ruwa ta Usuma. Duniya ta san sunansa a watan Agustan 2000, lokacin da shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarce shi tare da 'yarsa Chelsea. Mai zuwa neman ƙauyen da aka nuna a talabijin wancan lokaci zai sha mamaki, don yanzu shaguna ne da 'yan acaɓa da gidajen haya na ma'aikatan da kuɗin hayar cikin birni ya koro.

Wani matashi ɗan garin muka samu ya yi mana jagora, kuma shawarata ke nan ga duk mai zuwa da yara. Dutsen da damina yaudara gare shi: inda ka ga baƙi-baƙi yana sheƙi, gansakuka ce, santsinta ya fi na sabulu. Shi ya san inda ake taka ƙafa. Ya kuma ce da mun ga hadari ya haɗo za mu sauka, don ba a tsayawa kan dutse ana walƙiya.

Ban kai rabin hanya ba zuciyata ta fara dukan tara-tara. Na zauna, na sha ruwa, na saurari jikina kamar yadda aka ce. Ba ciwo, ba jiri, haki ne kawai na mutumin da ya shekara goma daga kujerar mota sai ta ofis. Yaron ya dawo ya tsaya a kaina, idonsa ya yi rau-rau. "Baba, mu koma gida kawai, na fasa." Wannan maganar ta fi ta likita shiga jikina. Sau huɗu muka huta kafin mu kai.

Can sama kuwa iska ce mai sanyi, sai shiru. Ruwan madatsar ya shimfiɗe tsakanin tsaunuka, kore ta ko'ina, gonakin masara da kunyoyin doya sun zama kamar facin zane. Motocin da ke kan titi sun koma ƙwari. Wani shaho na yawo ƙasa da inda muke tsaye, muna kallon bayansa, abin da ban taɓa gani ba a rayuwata. Yaron ya buɗe hannuwa yana gurnanin inji, ni kuma na riƙe masa wuyan riga.

Na nuna masa ruwan na ce daga nan ake tace wanda ke zuwa famfunan gidaje da yawa na Abuja. Ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna sababbin rufin kwano da ke hawa gefen tsaunuka, ya ce to su waɗannan ina dattinsu yake gangarawa in an yi ruwa? Ban ba shi amsa ba. Daga ƙasa ban taɓa lura da yadda gine-gine ke matsowa ba, sai da na gani daga can.

Saukowa ta fi hawa wahalar da gwiwa, wannan ba wanda ya faɗa mini. Da muka iso gari muka leƙa cibiyar ginin tukwane. Wata dattijuwa na zagaya tukunyar da take ginawa, tana ɗora yumɓu tana shafewa da hannu, irin sana'ar da ta kai hoton Ladi Kwali bayan takardar naira 20. Na sayi ƙaramin tulu, yaron kuma ya roƙi dunƙulen yumɓu, wai zai yi wa jirginsa tayoyi.

A mota barci ya kwashe shi da yumɓun a hannu. Ni kwana biyu na yi ina ɗingishi. Ranar Talata na fara zagaya unguwa bayan asuba, rabin awa, shi ne mai riƙe agogo.