Sau uku muka kai Baffa ɗibar jini saboda kalma ɗaya



Baffanmu, ƙanen mahaifinmu, ya haura shekara 60, kuma ya fi shekara 30 yana sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Yana da hawan jini, don haka duk bayan wata uku mukan raka shi wani asibiti a nan Legas a duba shi a sabunta masa magani. Mu 'ya'yan ɗan uwansa mu ne tafintocinsa, domin Turancinsa da Yarabancinsa na ciniki ne kawai. A zuwan da muka yi kwanan baya likita ya rubuta masa gwajin jini irin na shekara-shekara: suga, ƙoda da kitsen jini. Ba wani ciwo ne ya taso ba. Da muka kai takardar ɗakin gwaji, ma'aikaciyar ta ce ya dawo gobe da sassafe, ya zo da "fastin". Muka juya muka ce, "Baffa, an ce gobe ku zo da azumi." Ya ce, "To, wannan ai mai sauƙi ne."

Mutumin da Litinin da Alhamis ba sa wuce shi ba a koya masa azumi. Ƙarfe biyar na asuba ya tashi ya yi sahur da ɗumamen tuwo, ya bi da shayi mai kauri da madara da burodin Agege. Daga nan ya kama baki, ko ruwa bai ƙara sha ba. Ƙarfe bakwai da rabi muna gaban mai ɗibar jini. Ta tambaya ko ya yi fastin, muka haɗa baki muka ce ya yi. Ba ta tambayi lokacin da ya ci abinci na ƙarshe ba, mu ma ba mu ga dalilin faɗa ba.

Sakamako ya fito, suga 151. Wani da ke kusa da mu a kan benci ya leƙa takardar ya ce, "Alhaji, ai wannan ciwon suga ne." Ranar ganin likita kuwa sai bayan kwana shida.

Sai wanda ya san gidanmu zai gane nauyin wannan magana. Ciwon suga ne ya yi ajalin mahaifinmu, bayan an yanke masa ƙafa, kuma Baffa ne ya yi jinyarsa har ƙarshe. A kwana shidan nan ya daina cin shinkafa, ya daina raha, ya kira mu ya shiga lissafa mana waɗanda yake bi bashi da waɗanda ke binsa. Labari ya zagaya kasuwa. Wannan ya kawo jiƙon shuwaka, wancan ya kawo agbo a gora, wani maƙwabcin rumfa mai ciwon suga ma har ya ɓallo masa ƙwayoyi daga cikin nasa maganin ya ce ya fara da su kafin ya ga likita. Allah ya sa Baffa ya nuna mana kafin ya sha. Maganin sauke suga a jikin wanda bai buƙace shi ba yana iya kayar da mutum ya suma, kuma da niyyar alheri aka ba shi.

Da muka shiga wurin likita, tambayarsa ta farko ita ce ƙarfe nawa Baffa ya ci abinci kafin a ɗebi jinin. Muka ce biyar da 'yan mintuna. Ya ajiye biro ya dube mu, mu ba Baffa ba.

A nan muka fahimci cewa abin da asibiti ke nufi kusan kishiyar azuminmu ne. Mu mukan ci da asuba mu bar ruwa. Su so suke a bar abinci tun dare, a kuma ci gaba da shan ruwa. Gwajin suga na safe yana buƙatar aƙalla awa 8 ba a ci komai ba, na kitsen jini kuma sukan ce awa 9 zuwa 12. Ma'ana, ka ci tuwonka bayan isha'i, daga nan sai farin ruwa har a ɗebi jinin. Dalilin kuwa shi ne yawancin abin da mutum ya ci, jiki yana mayar da shi suga da kitse ya zuba a jini, kuma yakan ɗauki awanni kafin su sauka. Jinin da aka ɗiba awa biyu bayan tuwo da shayi, labarin tuwon da shayin yake bayarwa. Shan ruwa kuma yana sa jijiya ta fito sosai, ba sai an yi ta lalube da allura ba.

Likitan ya rubuta mana ma'aunin a bayan takarda, har yanzu tana hannunmu. Idan an yi gwajin da cikin da ba komai, ƙasa da 100 lafiya lau ne. Daga 100 zuwa 125 gargaɗi ne, mutum yana bakin ƙofa. Daga 126 zuwa sama shi ne ake zargin ciwon suga, shi ma ba a yanke hukunci sai an sake gwaji a wata rana. Wasu ɗakunan gwajin suna amfani da wani ma'aunin mai ƙananan lambobi, inda 126 ke zama 7.0, 100 kuma 5.6. Don haka idan ka ga 6 a takardarka, ɗan uwanka ya ga 108 a tasa, abu ɗaya ne, raba babbar lambar da 18 kawai za ka yi.

Zuwa na biyu ba mu yi nisa ba. Baffa ya kiyaye komai, bai ci ba, bai sha shayi ba. Amma muna cikin danfo, cunkoso ya riƙe mu a Ketu, sai muka ji ƙaras. Ya ɓare goro ya jefa a baki. "Baffa, goro kuma?" Ya ce, "Kai, goro abinci ne?" Wannan karon mun faɗa wa ma'aikaciyar gaskiya, ta ce a bari sai gobe, tunda sakamakon farko ma rigima ce a kansa. Goro yana ɗauke da sinadarin nan na kofi mai hana barci, kuma ko ba komai tauna shi ake yi a haɗiye. Haka shayi ko da ba suga, haka alewa, cingam, dabino ɗaya, ko lemon kwalba. A hanyar komawa Baffa bai yi mana magana ba har muka sauka. Asarar wunin kasuwa biyu da kuɗin mota da kuɗin gwaji ba ƙaramin abu ba ne ga mai sayar da kayan gwari.

Kafin zuwa na uku mun yi abin da ya kamata mu yi tun farko, wato tambaya. Ba kowane gwaji ne ke buƙatar barin abinci ba. Na zazzaɓin cizon sauro, na rukunin jini, na sikila da ake yi kafin aure, na ciwon hanta, na ƙidayar ƙwayoyin jini, duk ana yin su ko mutum ya ƙoshi. Akwai ma wani gwajin sugan mai suna HbA1c da ke nuna yadda suga ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce, shi ma ba ruwansa da abin da ka ci da safe, sai dai masu sikila ko ƙarancin jini su sanar da likita domin yana iya ba da sakamakon da ba daidai ba a wurinsu. Mun tambayi batun magani. Likita ya ce Baffa ya sha na hawan jininsa da ruwa kamar kullum. Mai shan maganin suga ko mai allurar insulin kuwa lallai ya tambayi likitansa yadda zai yi a safiyar, kada ya sha a kan yunwa ya faɗi a layi, kada kuma ya daina da ra'ayin kansa. Ya ce a bar tsire da balangu mai yawa a daren, domin nama mai yawa yana ɗaga lambar da ake duba lafiyar ƙoda da ita na ɗan lokaci. Da ya tambayi ko Baffa na shan na gargajiya, sai muka ga Baffa ya sunkuyar da kai. Mu muka faɗi zancen shuwaka da agbo. Likita bai yi faɗa ba, rubutawa kawai ya yi. Jama'armu suna yawan ɓoye wannan, alhali ƙoda da hantar da ake gwadawa su ne ke tace jiƙon.

Akwai wata damuwa da Baffa bai furta ba sai a daren ƙarshe. Ya ce kwalba uku aka cika a zuwan farko, yanzu kuma za a sake, shi da jini nawa ya rage, kuma ina ake kai shi. Mun san ba shi kaɗai ke wannan tunani ba, musamman a garin da ba naka ba. Jikin babban mutum yana da jini wajen lita 5, kwalaben nan uku kuwa in an haɗa su da ƙyar su cika cokalin cin abinci. Ana raba shi ne domin kowace kwalba da irin sinadarin da ke cikinta, gwargwadon gwajin da za a yi. Abin da ya fi cancanta a sa wa ido shi ne a ɓare sabuwar allura a gabanka, a kuma rubuta sunanka daidai a jikin kwalbar kana kallo. Sunayenmu suna kama da juna, kuma a kunnen wanda ba Bahaushe ba sun fi kama. A ranar ma mutum biyu ne suka miƙe da aka kira sunan Baffa.

Ranar ta uku ya ci abinci ƙarfe takwas da rabi na dare, ya sha ruwan leda biyu da asuba, muka karɓe goron muka riƙe a aljihunmu. Ya sa riga mai faɗin hannu. Allura ɗaya aka soka jini ya zo. Ma'aikaciyar ta ce ya danne audugar na 'yan mintuna da hannun a miƙe, kada ya lanƙwashe shi, don kada wurin ya taru ya yi baƙi. Muna fita muka zauna wurin mai shayi, ya ce a haɗa masa ba suga, ya kurɓa ya yamutsa fuska.

Sakamakon ya fito 108. Ƙoda lafiya, kitse ya ɗan hau kaɗan. Likita ya ce ba ciwon suga ba ne, amma da tarihin gidanmu ba abin sakaci ba ne: a rage zaƙi da burodi, a ƙara tafiya a ƙafa, a sake gwaji bayan wata shida. Daga nan ya tambayi shekarunmu, ya ji cewa babbanmu ya wuce 40 kuma a cikinmu ba wanda ya taɓa gwada suga, sai ya jawo takarda ya rubuta mana namu. Baffa ya karɓe takardun ya sa a aljihunsa, ya ce ranar Talata shi zai raka mu, kuma shi zai riƙe goron.